Layin da Alhaji Zakariya'u ya sa aka goge

Alhaji Zakariya'u bai taɓa sayar da abu mai aibi ba. Shi ya faɗa, wanda kuma ya yi gardama sai ya nemi wani shagon. Mutumin Damagaram ne, ya daɗe a kasuwar Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya yana sayar da rediyo da batir. A 2003 ya ɗauko kwamfutoci daga Aljer, yana fatan wani buro, wato ofishi, na masu kai baƙi yawon sahara ya kwashe su gaba ɗaya. Ban da su kuwa, ba shi da wani mai saye a garin.

Ɗiyar ƙanwarsa Raihana, wadda ta koyi aikin a lekkol, wato makaranta, a Yamai, ita ta haɗa su. Tana kunna ta farko, wani layi na Turanci ya fito cikin rubutun da ke gudu a allo. Alhaji ba ya jin Turanci, amma yana da hancin shinshino abin kunya.

"Me ta ce?"

"Kawu, cewa ta yi furosesar, wato ƙwaƙwalwarta, da lahani ta fito daga masana'anta."

Ta yi masa bayani dalla-dalla. In an kunna na'ura, kanel, manhajar da ke riƙe da ragamar komai, takan bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wa ke nan: faifai, katin intanet, firinta. Wannan furosesar kuwa, in aka jero tambayoyin da sauri, sai ta daskare. Masu rubuta kanel sun san haka, suka sa in ta gane ta ta riƙa sassautawa, sannan ta sanar.

"To ta sassauta ta yi shiru mana! Wa ya aike ta shela?"

Raihana ta ce layin ba ya cizo. Alhaji ya ce shi dai ya ji haƙori. Ranta a ɓace ta goge sanarwar, ta bar maganin yana aiki a ɓoye.

Ranar ciniki buro ya aiko Issa, mutumin Agadas mai kula da na'urorinsu. Ya sha shayi, ya buɗe murfin ɗaya daga cikin kwamfutocin ya leƙa, ya kunna. Ta tashi lafiya lau. Ya kashe, ya sake kunnawa, ya ƙura wa allo ido.

"Alhaji, na san wannan furosesar, muna da irinta. Tamu kullum sai kanel ta faɗi lahaninta, da haka nake sanin an kauce masa. Taka shiru."

"Ai tawa lafiyayya ce!"

"Babu lafiyayya a cikinsu. Kanel ɗinku dai ba ta san ciwon ba. Wata rana za ta daskare mana, baƙi na tsaye."

Raihana ta buɗe baki, Alhaji ya watsa mata harara. Kalma ɗaya za ta ceci cinikin, amma sai an faɗi wanda ya sa aka goge sanarwar, a gaban baƙo kuma. Ya gyara zaman hularsa.

"Kayana ba su da aibi, Malam Issa."

"To Allah ya kawo kasuwa," in ji Issa, ya gyara rawaninsa ya tari taksi.

Alhaji ya daɗe yana kallon titi. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Raihana, mayar da layin nan."

"Zan mayar, Kawu. Wa zai karanta?"