Wanne Ake Dannawa Ya Dawo?

Tun da nake ban taɓa jin Inna ta kama sunan Yaya Lado ba. Shi ne ɗanta na fari, a gidanmu kuwa a Zoza kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. "Yaron nan" take ce masa, shi ma sai a bayan idonsa. In tana da magana da shi, ni Munawwara ce 'yar aike, ko da a tabarma ɗaya muke zaune.

Da ya samu aikin tuƙi a Legas, saura mako guda ya tafi, ya ce da ni, "Anya in na daɗe ban zo ba Inna za ta lura kuwa?" Da dariya ya faɗa, amma maganar ta tsaya mini a rai. Na san halinsa sarai. In ya sa a ransa ba a nemansa, sai ya shekara biyar bai leƙo gida ba.

Gem ɗinsa na hannu ya bar mini, ɗan ƙarami kamar sabulun wanki. A ciki wani soja ne yake ta sheƙa gudu daga hagu zuwa dama, yana harbi yana tsallake ramuka. Inna ta fara da tsaki, wai aikin banza. Kwana uku sai ga ta ta ture ƙwaryar gyaɗar da take ɓarewa, ta riƙe aikin banzan da hannu bibbiyu. Ba ta iya ba ko kaɗan, sai dai baki, tana ta yi wa sojan magana.

"Yaron nan, sunkuya mana. Kai ba ka hutawa ne? Bi a hankali, Allah ya tsare."

Ranar tafiya da hantsi, Yaya yana bakin zaure yana ɗaura takalmi, yana jiran ɗan acaɓan da zai kai shi tasha a Rogo. Inna tana gindin darbejiya da gem, ta ba shi baya. Sojanta ya wuce wani akwatin magani, ta yi ta danna hagu, hoton ya ƙi komawa.

"Munawwara, wanne ake dannawa ya dawo?"

"Babu, Inna. Gaba kawai yake yi."

Har aka harbe sojan ba ta motsa yatsa ba.

"To tambayi mai abin," ta ce. "Yaron nan in ya tafi, shi ke nan ba ya dawowa?"

Yaya ya saki igiyar takalmin. Ni ya kalla, ba ita ba, idonsa ya kawo ruwa.

"Ki ce mata yana dawowa. Ki ce da ƙaramar Sallah, in Allah ya yarda."

Na juya na maimaita mata ɗaya bayan ɗaya, kamar ba a kunnenta aka faɗa ba.

"Ki ce masa na ji," in ji Inna.