Kaucin da Yaya Ya Ƙone

Ranar da ƙwayoyin halittar da nake reno a ɗakin gwaji suka ƙi mutuwa, na daɗe ido a kan madubin likita har wuyana ya sage. Na sa musu ƙwayar cutar bairos mai kisa, na ɗiga musu ruwan ganyen bishiyar gidanmu, amma ga su nan kwance lafiya lau, kamar shuka bayan ruwa. Har lumshe ido na yi, na ga Inna tana tsinkar ganyen, inuwa na yawo a fuskarta. Ita ta cika mini buhun farko.

Shugabanmu, mutumin da murmushi ke yi wa wuya, ya ce in sake gwadawa. In abin bai maimaitu ba, a rufe binciken.

Na tsinko sabon ganye da hannuna, mai tsabta, zaɓaɓɓe. Ƙwayoyin suka mutu murus. Na sake, suka sake mutuwa. Raina ya ɓaci, har injin sanyi sai da na zaga.

Wata la'asar na zazzage ragowar buhun Inna a kan tebur, ina shinshina ƙamshin gida. Sai ga wasu ganye masu kauri, da busassun furanni jajaye. Kauci ne, wannan tsiron da ke maƙale wa reshe yana shan ruwan bishiya. Ashe idon Inna ya yi rauni, duk abin da hannunta ya kai ta haɗa.

Na bar rigar aiki a kujera na nufi gida, zuciyata ta riga ƙafata isa.

Hayaƙi na fara gani, tulin kauci na ci da wuta. Yaya na tsaye da adda, gumi sharkaf, bakin nan har kunne. Ya ji labarin bishiyar ta zama abin bincike, shi ne ya hau ya gyara ta reshe-reshe.

"Na cire miki duk wannan ƙazantar, ƙanwata. Ko ɗaya ban bari ba."

Na buɗe baki in zazzaga masa masifa, sai na ga tafin hannunsa duk ya fashe. Na ce sannu da aiki, na zauna a kan saiwa.

Inna ta ce tsuntsaye ne ke kawo irin kauci, su goge baki a reshe su tafi. Na jingina da bishiyar, toka na sauka a gyalena, na ɗaga kai ina jira. Wani ɗan ƙarami ya sauka, ya kalle ni, ya tashi bai goge bakinsa ba.