Tela da Ƙafar Hagu

Ana tashi daga sujadar Lahadi labarin ya iske Malama a bakin ƙofar coci: wai ƙanenta tela ya ƙi a yanke masa ƙafa. An ce yau kwanansa biyar yana kulle kansa a shago da azumi da addu'a, wai an nuna masa ƙafar da ciwon suga ya ci za ta warke. Matan zumuntar coci suna faɗi suna jinjina kai, kamar su aka yi wa wahayin.

"Irin wannan bangaskiya ta yi wuya yanzu," in ji matar dattijon ikilisiya. "Mai askin da ke kusa da shi yana jin muryarsa ta bango, ba ya ko hutawa."

"Ya ji abin da yake cewa?"

"Addu'a ce mana, Malama."

Shekara talatin da biyu Malama ta yi tana koyar da lissafi, ba ta taɓa karɓar amsa ba sai ta ga hanyar da aka bi. Ita ma mai addu'a ce safe da yamma, amma ta sha ganin mutum ya gama yanke abin da ransa ke so, sannan ya durƙusa yana neman Allah ya sa masa hannu. Kuma ita ta raka shi asibiti. Da kunnenta ta ji likita ya ce baƙin da ƙafar ta yi ya kai idon sawu, kullum hawa yake yi.

Ba ta biya gida ba. Ta tsaya jiran mota, ta kasa tsayuwa, ta kama hanya a ƙasa. Mai ciwon suga da azumi! Sau biyu tana shirya faɗan da za ta yi, sau biyu yana warwarewa.

Ƙofar shagon a rufe take. Ta kara kunne. Muryarsa ce kuwa, yana jan Addu'ar Ubangiji a hankali, amma ƙarƙashin muryar akwai wata ƙara da ta sani tun suna yara: keken ɗinki, yana tafiya yana tuntuɓe.

Ta buga. "Auta, buɗe."

Ya daɗe kafin ya zare sakata. Ƙafar damansa na naɗe da bandeji, a gefen keken ga kwano da ragowar abinci. Ƙasa kuwa cike da ƙyallaye, kowanne da layin ɗinki a karkace kamar rubutun ɗan aji ɗaya.

"Ashe haka azumin yake. Kuma ran Lahadi kake ɗinki?"

"Yaya, dubi da kyau. Wannan kike kira ɗinki?"

Ya koma ya zauna, ya ɗora ƙafar daman kan benci, ya sa ta hagu a kan matakin keken. Ƙafar ta taka, keken ya juya baya, zare ya tsinke.

"Shekara arba'in ta hagun nan tana zaman banza," ya ce. "Sai ina addu'ar take bin sahu. In na yi shiru, ta rikice."

"An ce an nuna maka za ka warke."

"Wa ya ce? Na dai roƙa. Kwana biyu ina roƙon Ubangiji ya bar mini ita."

"Me ya ce maka?"

"A kan ta dama bai ce komai ba. Amma da na gama na zo tashi, na kasa. Ta hagun nan ce ta ɗaga ni."

"Wannan ai ba amsa ba ce, Auta. Kowa mai ƙafa biyu haka zai yi."

"To, ni dai ita na samu, kuma ta ishe ni."

Malama ta tsinci ƙyalle ɗaya, ta tsinci wani. Na saman tarin sun fi na ƙasa miƙewa. Ta ɗaga ɗaya a haske, ta bi layin da farce.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Da kin zo kin tsaya a kaina da jan biro."

Ya jawo aljihun keken, ya zaro wata takarda daga cikin ƙwaryar zare, ya miƙa mata. Ta laluba jaka ta sa tabarau.

Takardar asibiti ce, da sa hannunsa tun ranar Talata. Gobe da ƙarfe takwas na safe za a yanke ƙafar dama, ƙasa da gwiwa.