Mangwaron Derahman

Shekara talatin Derahman yana gyaran injin jiragen ruwa a tsibirin Lingga, bai taɓa haɗa baiti ɗaya ba. Sai ga auren ɗan ƙanensa, Jumari, ya taso, tsohon da ke yi wa danginsu pantun, wato waƙar baitoci ta gargajiyarsu, kuwa ya rasu bara. Ka san dai a can ba a shigar da ango gidan amarya haka nan. Dangin amarya sukan tare ƙofa da zane, sai an yi musayar baitoci sun gamsu kafin su sauke shi.

Ya tafi wurin maƙwabciyarsa Sapiah, goggon amaryar, wadda pantun ke zubo mata kamar hira.

"Kai, Derahman, da wannan hannun mai baƙin mai za ka riƙe waƙa?" in ji ta. "To, zauna. Layi huɗu ne. Biyun farko ka ɗauko daga abin da idonka ya gani, don amsa-amo. Biyun ƙarshe su ne maganarka. Amma ka duba kan wa inuwar biyun farkon za ta faɗa."

Shi dai "abin da idonka ya gani" kawai ya riƙe. Kwana tara yana zaune gindin mangwaron gidansa yana ƙirga gaɓoɓi da yatsu, har matarsa ta fara tambaya ko lafiya.

Ranar biki suka iso da ganguna. Sapiah da wata mata na riƙe da zanen a ƙofa. Derahman ya gyara hula, ya ɗaga murya:

"Mangwaro ya daɗe a reshe,
Tsuntsu ya gani ya bar shi.
Tafiyarmu ta zo ƙarshe,
Ga angonku, ku karɓe shi."

Amsa-amon ya zauna daram. Ya tsaya jiran tafi, sai ya ji wurin ya yi tsit. Jumari ya sunkuyar da kai. Nan fa Derahman ya tuna: amaryar, Malama Rosnani, shekararta arba'in da ɗaya, kuma wannan ne aurenta na fari. Wayyo, bawan Allah! Zufa ta keto masa har cikin hula.

Sapiah ta ƙara ɗaga zanen, ta dube shi ido cikin ido:

"Tsohon jirgi na kwance a gaɓa,
Ruwa kaɗan ya juye shi.
Baki in dai bai iya ba,
Gara mai shi ya rufe shi."

Mata suka kwashe da shewa. Yanzu amsa ta rage gare shi, in ba haka ba ango na nan a rana. Ya laluba kansa, babu ko layi ɗaya. Ya cire hular ya matse ta a ƙirji.

"Malama, 'yata," ya ce da ƙofar, "wallahi bishiyar gidana nake nufi. Ki yafe wa tsohon jirgi."

Sai muryar amarya ta fito daga ciki: "Goggo, sauke musu zanen mana. Mangwaron ya gaji da jira."

Dariya ta ɓarke, zane ya sauka, ango ya shige. Derahman ya laɓe can ƙarshen rumfa, ko shinkafar bikin ya kasa taɓawa. Can sai ga Sapiah da ɗan faranti, ta dire masa a cinya.

"In ji amarya. Ta ce ka cinye."

Mangwaro ne, yankakke, nunanne sarai. Ya ci, kansa a ƙasa, bai bar ko yanka ɗaya ba.