Idon Hagun Malam Tambari

Suwaiba ma'aikaciyar jinya ce a sashen ido a Kaura Namoda, kuma ita ce 'yar farin Malam Tambari na Zurmi. Don haka bai taɓa kiran sunanta ba, "waccan" yake cewa, ita ma ba ta haɗa ido da shi. Kowa na yaba wannan kunya, har yanar ido ta zo ta rufe masa idanu biyu.

A makaranta an ba su labarin wani likita Bafaranshe na zamanin da, wanda ya gaji da ganin ana soka allura a tura yana can cikin ido, mutum ya gani yau, gobe ya makance. Shi ya fara tsaga ido ya ciro ta waje. Suwaiba ta san wannan sarai. To, amma da wane baki za ta zaunar da uba ta yi masa bayani? Sai ta aika ta bakin Gwaggo Barakatu: kada a bar kowa ya taɓa idon, a jira 'yan bindiga su saki hanya ta zo ta kai shi asibiti.

Barakatu, sarkin taƙaitawa, ta isar da rabi: "Ta ce a jira."

Ranar kasuwa wani mai allura ya sauka garin. Ya ture yanar idon dama, Malam ya ƙirga yatsu, gida ya ɗauki kabbara. Da Suwaiba ta ji a waya, sai ta hau roƙon Barakatu.

"Gwaggo, don Allah ku bar mani na hagu!"

"Ke ɗiyar ga, mutum shina ganin hasken Allah, in ce mai mi?"

Da direbobi suka koma bin hanya, Suwaiba ta shiga motar farko. Ta tarar da shi kwance da rana tsaka, an ɗaure idanun biyu da ƙyalle. Ashe kafin mai allura ya bar gari, Malam ya miƙa masa na hagun ma. Da zogi ya taso kuwa, ya hana a gaya mata.

Ta durƙusa, ta kwance ƙyallen. Karo na farko a rayuwarta ta dubi ƙwayar idon ubanta. Jawur, a kumbure. Ta haska tocila a dama, ta haska a hagu, ko ƙyaftawa bai yi ba.

"Suwaiba," ya ce a hankali. "Ke ta? Kunna hitila in gane ki."

Tocilar na nan a kunne, daf da idonsa.