Ɓargon Gabriel

Dinah tela ce a unguwar Rikoto cikin garin Zuru, kuma da ciwon sikila aka haife ta. Tun rasuwar iyayensu, ita kaɗai ta rage a gidan, don yayanta Gabriel soja ne, an tura shi Darfur.

A can wani likitan soja ya ba shi labarin dashen ɓargo, wanda ake yi a ƙasar waje. Ya ce idan ɓargon ɗan'uwa ya dace da na marar lafiya, ana iya rabuwa da ciwon. Da Gabriel ya samu hutu, ko gida bai zauna ba, ya ɗauke ta sai Abuja. Aka ɗebi jininsu aka aika waje.

Kafin sakamako ya dawo, labari ya cika Zuru cewa Dinah za ta Indiya. A coci aka yi mata addu'ar tafiya. Masu kawo mata ɗinki suka zo suka karɓi atamfofinsu, suka kai wa Theresa, telar bakin kasuwa, tunda Kirsimeti ya matso.

Ranar da suka koma Abuja, likita ya dubi Gabriel ya ce, "Naka ya dace da nata."

Gabriel ya miƙe tsaye don murna.

"Zauna, Oga soja. Ƙodarta ta riga ta taɓu. Maganin da ake ba mutum kafin dashen yana da ƙarfi sosai, jikinta ba zai ɗauka ba. Da tana ƙarama ne, da an gwada."

"To me ya rage?"

"Ta ci gaba da maganinta, ta riƙa shan ruwa da yawa."

Suka kamo hanyar gida a mota har suka wuce Kontagora. Can Dinah ta taɓa hannunsa ta ce, "Yaya, ka ci wani abu mana."

"Ɓargon yana jikina, Dinah. Yana nan, kuma an ce ba zan ba ki ba."

Hutunsa ya ƙare, ya koma bakin aiki. Washegari Dinah ta share shago, ta zuba wa keken ɗinki mai, ta buɗe ƙofa. Masu wucewa suna gaishe ta daga nesa, suna jin nauyin tambaya. Har rana ta karkata ba wanda ya shigo. Ta ɗauko wani tsohon siket ɗinta, ta warware bakinsa, ta sake ɗinkewa.