Baba Grema Da Mai Amawali

"A hankali da bakin ƙofa, Mushe," in ji Fatime, ta ɗage masa labule.

Illiassou, wanda unguwa ke kira Mushe don malamin makaranta ne, ya shiga rungume da talabijin, waya na jan ƙasa a bayansa. Ɗakin na warin busasshen tattasai da man zafi. Mijinta, Baba Grema, na kwance kan katifa. Kwana goma sha ɗaya ke nan bai taka ƙofar gida ba, ya zube sai idanu.

"Ka samo na ƙarshen?"

"Na samo, Baba. Wani direban Damagaram ya kawo jiya."

Shekara huɗu ke nan da aka turo Illiassou koyarwa Diffa daga Tawa. Ya zo da kaset biyar na katun, wato fim ɗin zane, saboda ƴaƴansa, labarin wani jarumi mai rufe fuska da ke tashi sama yana ceton mutane. Yaran sun daɗe da gajiya da shi. Wanda bai gaji ba shi ne maƙwabcinsu, dattijon manomin tattasai mai furfura fal, wanda ba ya jin Faransanci ko na gaisuwa. Shi ya laƙa wa jarumin suna Mai Amawali, shi ne kuma ya ga abin da masu jin yaren ba su gani ba: a kowane kaset akwai wani tsoho mai sayar da jarida a bakin titi, bai taɓa cewa uffan ba, kuma duk inda jarumin za shi sai ya bi ta kansa.

"Ɗansa ne, wallahi," in ji Grema. "Da faɗa ya bar gida. Kunya ta hana shi buɗe fuska, sai dai ya tsare uban daga nesa."

Illiassou ya taɓa yi masa bayanin malaman lakwal, wato makarantar boko, cewa zanen titin guda ne, masu zane ke maimaita shi don rage aiki.

"Kai, Mushe! Boko ya toshe maka ido. Mutum ya zana tsoho sau ɗari a banza?"

Unguwa duk ta san inda maganar ta dosa. Tahiru, ɗan Grema tilo, ya tafi Libiya shekara takwas da suka wuce bayan sun yi cacar baki kan injin ban ruwa. Ko wasiƙa bai aiko ba.

Bara kogin Komadugu ya yi ambaliya ya cinye gonar Grema ƙurmus. Illiassou ya san dattijon zai gwammace yunwa da ya karɓi taimako daga hannun baƙo sa'an ɗansa, sai ya faki idon mutane ya ajiye buhun gero a zaurensu. Da la'asar Grema ya zo wurinsa da murna.

"Yaron ya zo, Mushe! Yana garin nan. Ban faɗa maka ba?"

Illiassou ya bar shi a kan haka. Sau biyu kuma ya sake ajiyewa. Tun daga ranar abin ke cin ransa, domin ya ga yadda tsohon ke tsayar da duk matafiyi mai rawani a tasha yana leƙa idonsa. Yau ya ƙudurta zai faɗa masa gaskiya. Bai so mutumin ya koma ga Allah yana jiran buhun gero ya zama ɗa.

Ya haɗa wayoyi, ya sa kaset ɗin ya danna. Shi ya riga ya kalla da safe, ya san abin da ke ciki. Fatime ta tallafo kan mijinta da matashi, ta zauna tana yi masa fifita.

Jarumin ya tashi, ya yi faɗa, ya yi nasara. Grema bai kula da faɗan ba, gefen hoton yake kallo. A ƙarshe Mai Amawali ya tsaya gaban wata budurwa ya cire abin fuskarsa, wani saurayi ne mai jan gashi, aka buga kiɗa, rubutu ya hau. Tsoho mai jarida bai fito ba ko sau ɗaya. Masu zane sun manta da shi.

Kaset ya ƙare, sai shuu. Illiassou ya gyara murya.

"Baba, akwai maganar da nake son..."

"Ka gane?" Grema ya katse shi, muryarsa can ƙasa. "Tsohon ya rasu. Shi ya sa ba su nuna shi ba. Mutanen nan suna da ladabi." Ya numfasa da ƙyar. "Yaron ya makara, amma ai ya buɗe. Ya buɗe, Mushe."

Fatime ta sa gefen zane a baki.

Grema ya lalubo hannun Illiassou ya riƙe. Hannun ba nauyi, kamar busasshen kara.

"In ya zo, kar ku yi masa faɗa. Ka ce masa na sani. Ka ce na ci geronsa, na yafe."

Illiassou ya bar maganar da ya kwana biyu yana shiryawa. Tausayi ya kama shi.

"Zan faɗa masa, Baba."

Ranar Laraba da hantsi ya cika. Aka kai shi kafin azahar.

Kwana uku Illiassou na zaune kan tabarma a ƙofar gidan, yana karɓar gaisuwa kamar ɗan gida. Mutanen ƙauyukan bakin kogi suka yi ta zuwa, manoma da masunta da fatake. A rana ta uku wani dogon mutum ya sauka daga motar arewa, rawani ya rufe masa fuska sai ido, ya durƙusa ya yi addu'a. Illiassou ya shafa fatiha bai ɗauke ido daga kansa ba, yana leƙa idonsa kamar yadda Grema ya saba yi a tasha. Mutumin ya miƙe ya kama hanyar kasuwa, Illiassou kuwa na ta kallon bayansa har ya sha kwana.